Neman shawara: ƙurji a dasashin 'yata, likita ya ce jikinta ne ke cin ƙashin gindin haƙorin

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shugabar zaure, don Allah a ɓoye sunana.

Yarinyata shekararta biyar da 'yan watanni. Turminta na ƙasa, na can ƙarshe ta hannun dama, ya yi kogo tun bara. Kwanakin baya ya sa ta a gaba, cikin dare sai ta farka tana kuka ta riƙe kunci. Muna ba ta parasitamol, daga baya ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, muka yi hamdala. To sai ga wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, daidai gindin haƙorin. Sai ya kumbura ya yi fari a kai, ya fashe, ruwa mai wari ya fito, ya lafa, bayan ɗan lokaci ya sake dawowa. Ba ta ce yana mata zafi ba, amma ta daina tauna ta wannan gefen, kuma bakinta na wari ko an wanke.

Na kai ta asibitin haƙori aka yi hoto. Likitan ya nuna mini wani baƙin wuri tsakanin saiwoyin haƙorin, ya ce ƙashi ne ya zaizaye a nan, wani farin abu da ke ƙasa da shi kuma sabon haƙorinta ne da bai fito ba. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce, ya ce ba ƙwayoyin cutar ne ke cin ƙashin kai tsaye ba, jikinta ne da kansa, ta hanyar wasu sinadarai da garkuwar jiki ke aikawa wurin. Mutane na jira a layi, ban samu na tambaye shi da kyau ba. Ya ce ko dai a wanke saiwar a cike, ko a cire haƙorin, mu je mu yi shawara mu dawo.

A gida kuma kan ya rabu. Hajiyar maigidana ta ce haƙorin nono ne, in lokacin famfara ya yi zai faɗi da kansa, kada a wahalar mata da jika. Maigida ya ce tunda ba ciwo, a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a ba ta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ta yaya jiki zai ci ƙashin kansa? Hakan na nufin garkuwar jikinta ta samu matsala ke nan? In sinadaran nan ne ke ɓarnar, babu maganin da za ta sha ya tsayar da su a bar mata haƙorinta? Kuma tunda ciwon ya daina, in an jira famfara me zai faru? Wanda ya sani ya taimaka mini don Allah. Tana da ƙane ɗan shekara biyu, ina tsoron kada shi ma ya bi sahu.

Maman Biyu

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ki samu man kanumfari ki ɗiga a auduga ki cusa a kogon, sannan ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma. Nawa haka nake yi musu.

Baban Yara

Mu a wajenmu kafso ja da yalo ake buɗewa a zuba garin a cikin ramin. Ana cewa tsutsa ce, in ta mutu shi ke nan.

Hajiya Kaka

'Yata, ki bi surukarki a hankali, ba da mugunta ta faɗa ba. Mu da muka tashi ba mu san cire wa yaro haƙori ba, asuwaki ne kawai. Amma tsakani da Allah, a lokacin yaro bai san alawa da biskit da lemon kwalba kullum ba, sai ranar salla ko in baƙo ya zo. Na yanzu da su suke kwana. Akwai likitoci a zauren nan, ki jira su zo.

Malamar Jinya

Kafin Dakta ta iso, don Allah Baban Yara a daina wannan. Kafso ja da yalo tetirasaikilin ne, kuma ba a ba wa yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana shiga cikin haƙoran da ake kan ginawa ya rine su ruwan ƙasa, rinin da ba ya fita. Babu wata tsutsa a haƙori kuma, bakteriya ce da ido ba ya gani. Man kanumfari tsantsa yana ƙona dasashin yaro. Asfirin ma kada a ba ta, kada kuma a danna shi a gindin haƙori: yana ƙona nama, kuma shan sa a yara ƙanana na iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ruwan gishirin Maman Biyu ba laifi, yana tsaftace wurin, sai dai ba ya kaiwa inda cutar take.

Anti mai tambaya, ki riƙe waɗannan. In kika ga kunci ya kumbura yana haurawa wajen ido, ko kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ta kasa buɗe baki sosai, ko haɗiya na mata wuya yawu na zuba, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, to ba maganar jiran safiya, sashen gaggawa za ki nufa ko da tsakar dare ne. Na taɓa karɓar wani yaro a ɗakin kwantar da marasa lafiya ido ɗaya a rufe ruf don kumburi, fatar wurin tana ƙyalli, da aka bincika turmi ɗaya ne na sama da iyayen suka ce ai ya daɗe da daina ciwo.

Dakta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aikina haƙoran yara ne. Ban ga yarinyar ba, ban ga hoton ba, don haka hukuncin ƙarshe na likitan da ya duba ta ne. Amma abin da ya faɗa miki gaskiya ne, bari in warware miki shi.

Da farko ki kwantar da hankalinki, garkuwar jikinta lafiya lau take. Abin da kika gani a hoton shaida ce cewa tana aiki.

A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi. Shi ne ɓargon haƙori. Haƙorin nono ɓawonsa siriri ne, ɗakin ɓargonsa kuma babba, shi ya sa kogo ke saurin isa ciki. Lokacin da take kukan dare, ɓargon ne ya kumbura a cikin ɗakin da ba ya buɗewa. Da ciwon ya ɗauke, ba warkewa ya yi ba, ɓargon ne ya mutu. Wannan shi ne wurin da iyaye da yawa ke ruɗuwa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya ga ciwo ya tafi zai ɗauka sauƙi ne ya samu.

Da zarar ɓargo ya mutu, jini ya daina shiga haƙorin. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki, da jini suke tafiya, don haka ba su da hanyar shiga. Bakteriya, musamman irin waɗanda ba sa son iska, sai su samu mazauni su yi ta hayayyafa ba mai taɓa su. Gubarsu kuma tana tsiyayowa waje. A haƙorin babba ta bakin saiwa ta fi fitowa. A turmin yaro kuwa ƙasan ɗakin ɓargon siriri ne, kuma akwai 'yan ƙananan ƙofofi a jikinsa, sai gubar ta fito ta tsakanin saiwoyi. Shi ya sa baƙin wurin da aka nuna miki yake a tsakani. A daidai nan ne kuma sabon haƙori ke kwance, saiwoyin tsohon sun rungume shi.

Yanzu ga maganar sinadaran. Akwai ƙwayoyin jiki masu gadi a wurin da ke gane gubar bakteriya da zarar ta taɓa su. In sun gane, sai su saki wasu ƙananan sinadaran aike da ake kira saitokain. Kowanne da saƙon da yake ɗauke da shi. Intalukin-8 kira yake yi, fararen ƙwayoyin jini su taho su taru a wurin, kuma mugunyar da kike gani tana fita daga ƙurjin yawancinta gawarwakinsu ne da na bakteriya. Intalukin-1 da wani mai suna TNF su ke sa jijiyoyin jini su buɗe, wuri ya yi ja ya kumbura. Su biyun tare da intalukin-6, in suka yi yawa suka shiga jini, su ke kai saƙo ƙwaƙwalwa a ɗaga zafin jiki, zazzaɓi ke nan. Suna kuma sa a samar da furostagilandin, wanda ke sa jijiyar jin zafi ta ƙara kaifi.

To ƙashi fa? Ƙashi ba busasshen abu ba ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Akwai ƙwayoyin da aikinsu gini, akwai manyan ƙwayoyin da aikinsu narkar da ƙashi. Masu narkarwar ba sa tashi sai sun samu izini, izinin nan wani sinadari ne mai suna RANKL. Akwai kuma wani mai suna OPG da ke kama RANKL ya hana shi isar da saƙo. A lafiyayyen ƙashi su biyun sun daidaita. In intalukin-1 da TNF da intalukin-6 suka cika wuri, RANKL sai ya rinjayi OPG, masu narkarwa su yi yawa, ƙashi ya ja da baya. Gurbin da ya bari sai ya cika da nama mai ɗauke da mayaƙan jiki, su kewaye bakin haƙorin.

Ki tuna yadda ake yi in gobara ta tashi a unguwa mai dangar kara: mutane da hannunsu suke yaye dangar maƙwabta don kada wutar ta tsallaka. An yi asarar danga, amma an tsare sauran gidaje. Haka jiki ke sadaukar da ɗan ƙashin nan don kada cutar ta bazu cikin muƙamuƙi. Damuwar ita ce a nan wutar na cikin ɗakin da ba mai iya shiga, ba ta mutuwa, don haka yayewar ba ta tsayawa. Ƙurjin da ke fashewa yana dawowa hanya ce da mugunya ta huda wa kanta. Muddin tana samun fita ba za a ji zafi ba. Ranar da hanyar ta toshe, ranar fuska ke kumbura.

Mai tambaya

Dakta Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na gane abin da na gani a hoton. Amma in haka ne, me zai hana a ba ta maganin da zai kashe waɗannan saƙonnin? Wata maƙwabciyata ta ce akwai wani ƙaramin farin magani da ake sayarwa a kemis, in an sha kumburi ko wane iri ne sai ya sace.

Ɗalibin Likitanci

Da izinin Dakta, in ɗan sa baki, don wannan tambayar masu bincike sun gwada ta a kan ɓeraye.

A 1965 wasu masana uku a Amurka, Kakehashi da Stanley da Fitzgerald, suka huda haƙoran ɓeraye har ɓargo suka bar su a buɗe. Rukuni ɗaya ɓerayen yau da kullum ne. Ɗaya rukunin an rene su ne a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Na farkon ɓargonsu ya mutu, gindin haƙoran ya yi mugunya. Na biyun, duk da abinci na cusuwa a ramin, ɓargon bai mutu ba, har ya fara gina wa kansa murfi. Tun daga nan aka tabbatar cewa bakteriya ce tushen abin, sinadaran jiki amsa suke bayarwa.

Daga baya aka yi gwaji da ɓerayen da aka hana jikinsu karɓar saƙon intalukin-1. In da saƙon ne kaɗai matsala, da sun fi sauran lafiya. Sai aka ga akasin haka: bakteriya ta fi kutsawa cikin namansu, cutar ta fi tsanani. Aka kuma gwada waɗanda ba su da intalukin-10, wanda shi aikinsa kwantar da sauran ne, sai ramin ƙashinsu ya fi na kowa girma. Wato jiki na da masu zuga da masu lallashi, kuma duka biyun ana bukatarsu.

Magungunan da ke toshe waɗannan saƙonni suna nan. Akwai masu toshe TNF da ake ba masu wani irin ciwon gaɓoɓi, akwai mai toshe RANKL da aka fara amfani da shi a 2010 don masu zaizayar ƙashi. Amma na cututtukan da garkuwa ko ƙashi suka rikice ne, kuma masu shan na TNF ɗin an san sun fi saurin kamuwa da cututtuka irin su tarin fuka. Ba wanda zai ba yarinya irinsu saboda haƙori ɗaya da za a iya gyarawa a zama ɗaya ko biyu.

Dakta

Ɗalibi ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ƙaramin farin maganin da maƙwabciyarki ke nufi, in na fahimta, deksametason ne ko firedinisolon. Don girman Allah kada ki ba ta. Suna danne saitokain ɗin da gaske, kumburi ya sace, amma bakteriyar na nan, kuma kin kwance wa jiki ɗamara. Abin da ke damuna a aikin nan ke nan, yaro ya zo an riga an ɓoye alamomin da za su nuna mana girman cutar.

Parasitamol da aibufurofen na rage zafi da zazzaɓi. Aibufurofen furostagilandin ɗin da na ambata yake ragewa. A ba da su bisa nauyin yaro, aibufurofen kuma bayan an ci abinci, ban da yaron da ke amai da gudawa ko mai ciwon ƙoda. Sauƙi suke bayarwa kafin a yi aiki, ba sa warkar da komai.

Shawarar maigida ta maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ki gaya masa cikin ladabi cewa maganin da aka sha ta jini yake tafiya, haƙorin nan kuma jini ba ya shigarsa. Amoksisilin zai kashe waɗanda suka fito waje, ƙurji ya lafa, a gama kwalba, na cikin ɗakin su sake turo wasu. Muna rubuta shi in cutar ta fara bazuwa, ga kumburin fuska ga zazzaɓi, kuma tare da aikin haƙorin muke haɗa shi. Yawan ba yaro shi ba bisa ƙa'ida ba yana sa ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Sai maganar Hajiya ta famfara, wadda ita ce ta fi bukatar a tsaya a kai. Haƙoran nono guda 20 ne, kuma ba tare suke faɗuwa ba. Na gaba su ke fara tafiya wajen shekara 6 zuwa 7. Turmin ƙarshe irin na 'yarki sai wajen shekara 10 zuwa 12. Jiran famfara a nan yana nufin shekara biyar ko fiye da mugunya a cikin muƙamuƙi.

Ita kanta famfarar da irin waɗannan sinadarai ake yin ta. Duk uwa ta ga haƙorin yaro da ya faɗi, ɗan kai ne kawai ba saiwa, har wasu na ɗauka haƙorin nono ba shi da saiwa tun asali. Yana da ita, doguwa ma. Sabon haƙori in ya tashi fitowa, jakar da ke lulluɓe da shi ce ke sakin RANKL a hankali, a narkar da saiwar tsohon kaɗan-kaɗan cikin shekaru har ya yi girgiɗi ya faɗi. Aiki ne mai tsari da lokaci. Cuta kuwa tana tayar da wannan aikin ba lokacinsa ba, kuma ba tsari. Saiwa ta narke da wuri, ƙashin da ke rufe da sabon haƙori ya tafi.

Ga abin da ya fi sa ni cewa kada a jira. Sabon haƙorin da ke ƙarƙashin turmin ƙarshe, farin ɓawonsa ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 6 zuwa 7. A shekara biyar ana kan aikin. Ƙwayoyin da ke gina ɓawon nan ba sa jure kumburi a kusa da su, kuma in suka lalace ba a samun madadinsu. Sai haƙorin ya fito da tabo fari ko ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, wani lokaci da rami ko a tauye. A littattafanmu haƙorin Turner ake ce masa, da sunan likitan Ingila da ya bayyana shi. Wani kuma ya karkace ya fito ta gefe, wani ya fito da wuri saiwarsa ba ta yi ƙwari ba. Ba kowane yaro hakan ke samu ba, amma ba mu da hanyar sanin wa zai tsira, kuma wannan haƙorin na har abada ne.

Tsakanin wankewa da cirewa, duka biyun manufarsu ɗaya, a raba jiki da mazaunin bakteriyar. Da zarar gubar ta daina fitowa, masu gadin sun daina aika saƙo, OPG ya sake rinjaye, masu gini su dawo su cike ramin cikin watanni. Ƙashin yara na saurin komawa.

In za a wanke, ana kashe wurin da allura, a kwashe mataccen ɓargon, a wanke hanyoyin saiwa, a cika su da wani manna da ke narkewa tare da saiwar in lokacin famfara ya yi, sannan a sa wa haƙorin hular ƙarfe. Maman Biyu, ɗaya daga cikin irin mannan da sinadarin kanumfari ake haɗa shi, don haka kanumfarinki na da asali, sai dai a gwargwado kuma a inda ya dace. Ana zaɓar wankewa in saiwar na da saura sosai, kan haƙorin zai riƙe hula, kuma ramin bai kai jakar sabon haƙori ba. In ya kai, ko haƙorin na girgiɗi sosai, ko ya rube har ƙasa, cirewa ta fi.

Dalilin da ya sa muke ƙoƙarin ceton wannan turmin in zai cetu shi ne, wajen shekara 6 wani babban turmi na dindindin zai fito a bayansa, kuma da jikinsa yake jingina ya miƙe. In turmin nonon ba ya nan, sai babban turmin ya matso gaba ya cinye gurbin sabon haƙorin da ke ƙasa, daga baya haƙora su cunkushe. Shi ya sa in an cire, ki tambayi maganar ƙarfen tsare gurbi. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano suna da sashen haƙoran yara, in inda kika je ba sa yi za su iya tura ki.

Abu ɗaya kada ki manta ki gaya wa likitan: in tana da sikila, ko ciwon zuciya da aka haife ta da shi, ko tana shan wani magani na dogon lokaci. Wannan na iya sauya shawarar gaba ɗaya, don akwai yaran da ba ma yarda a bar musu ko ɗigon cuta a baki.

Ummu Ukku

Anti, ni na ga abin da Dakta ke faɗa da idona. Ɗan yayata haka aka bar masa nasa, ƙurji na zuwa yana tafiya, har haƙorin ya gutsuttsure da kansa. Da sabon ya fito, gefensa ɗaya ruwan ƙasa ne kamar an ɗiga masa shayi, ga ɗan rami a kai, in ya sha ruwan sanyi sai ya runtse ido. Yanzu yana sakandare, an cike masa amma tabon na nan.

Maganar Hajiya kuma, shawarata kada ki yi musu da ita, kada kuma ki kai mata maganar a matsayin an ce a waya. Ki roƙi maigida ya ce ta raka ku ranar komawa. In likita ya haska mata hoton ta ga sabon haƙorin jikarta kwance a ƙarƙashin baƙin wurin, da bakinta za ta ce a yi. Iyayenmu ba ƙin gaskiya suke ba, so suke a ba su girmansu.

Hajiya Kaka

Wannan ita ce magana. Ni ma yau na san haƙorin nono na da saiwa. Allah ya yi muku albarka.

Ta Damagaram

Dakta, gafara, tambaya gare ni. Mu nan ana yawan yi mana faɗakarwa a kan cutar noma mai cin fuskar yara. Irin wannan ƙurjin na iya zama ita?

Dakta

Ba ita ba ce, 'yar'uwa, amma kin kyauta da kika tambaya. Noma daga gyambon dasashi take farawa, yawanci a yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta kama ko suka tashi daga ƙyanda, kuma cikin 'yan kwanaki take cin kunci. A can garkuwar ce ta yi rauni har ta kasa kewaye cutar. A nan kuwa ta kewaye ta. Akwai asibiti na musamman don ita a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Duk yaron da ba ya samun abinci sosai, aka ga dasashinsa na jini yana wari ga kunci ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida bayanin Dakta, ya ce zai yi wa Hajiya magana da kansa, tare za mu koma. Ba ta da sikila, an gwada ta tun tana jaririya. Saura ƙanen nata, me zan yi masa tun yanzu? Kuma in an yi mata aikin, ta yaya zan san ya yi?

Dakta

Madalla. Ƙanen, ki fara goge masa baki da kanki sau biyu a rana, na dare shi ne mafi muhimmanci. Ki duba jikin man goge bakin, ki ga an rubuta fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga kogo, ya kai 1000 ppm. Wanda bai kai shekara 3 ba ɗan shafe kawai ake sa masa a buroshi, daga 3 zuwa 6 kuma a ɗan ƙara kaɗan, ya tofar kada ya kurkure da ruwa. Kada ya kwana da shayi mai sukari ko lemo a bulumboti. Yawan lokutan da zaƙi ke taɓa haƙori ya fi yawan zaƙin illa, don haka in za a ba su alawa a ba su bayan abinci, kada su wuni suna tsotsa. Lokaci-lokaci ki ɗaga leɓensa na sama ki duba, in kin ga farin layi kamar alli a gindin haƙoran gaba, kogo ne ke shirin farawa, kuma a wannan matakin ana iya tsayar da shi ba tare da huda ba. Ba ku kaɗai ba ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ke da kogo a haƙoran nono. Ita ma yayar a duba sauran turamenta ranar, da wuya a samu ɗaya ya kai haka sauran na lafiya.

Ranar aikin ta ci abinci kafin ku fita, sai dai in likitan ya ce za a sa ta barci. Bayan allura leɓenta zai yi nauyi na 'yan awanni, ki sa ido kada ta tauna shi. In wankewa aka yi, ƙurjin ya kamata ya bushe ya ɓace cikin mako ɗaya zuwa biyu, warin baki ya tafi, ta koma tauna ta gefen. Cikewar ƙashi kuwa sai a hoto ake gani, don haka ki koma bayan kamar wata shida ko da ba ta kuka da komai. In ƙurjin ya dawo, ko haƙorin ya fara girgiɗi, kada ki jira wata shidan, ki mayar da ita a cire.